Wa Ke Riƙe Da Hatimin Sabon Bugu?

A makon nan za mu ɗan jingine maganar siyasa da ta tsadar kayan masarufi, mu leƙa wata sana'a wadda yawancinmu ba mu san da zamanta ba, alhali kuwa kullum safiya muna cin moriyarta. Duk wanda ya taɓa aika kuɗi ta wayar hannu, ko ya miƙa katinsa ga mai POS a bakin kasuwa, ko ya yi wa ɗansa rajistar jarrabawa ta intanet, to lalle ya ɗora amanarsa a wuyan waɗansu mutane da bai taɓa jin sunansu ba, waɗanda ke zaune a ƙasashe masu nisa, da yawansu kuma ba mai biyansu ko kwabo. Waɗannan mutane su ne masu kula da abin da ake kira laburaren manhaja, su ne kuma ke fitar da sabon bugunsa a duk lokacin da aka yi masa gyara.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu warware waɗannan kalmomi. Manhaja dai ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, watau na'ura mai ƙwaƙwalwa, don ta san abin da za ta yi. To amma kamar yadda tela ba ya saƙa yadi da kansa, ba ya kuma ƙera allura da maɓalli kafin ya ɗinka riga, haka shi ma mai rubuta manhaja ba ya tsayawa ya rubuta kome da kome da hannunsa. Akwai ayyukan da kusan kowace manhaja ke bukata, kamar matse bayanai su ƙanƙance, da kulle saƙo yadda ɓarawo ba zai iya karanta shi ba, da ajiye rajistar abin da ya faru. Wani ya riga ya rubuta umarnin kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan, ya ƙunshe shi wuri guda, ya ajiye kyauta don kowa ya ɗauka. Wannan ƙunshi shi ne laburare.

Akwai manyan rumbuna a intanet inda ake tara su. Masu aiki da harshen kwamfuta na JavaScript suna da rumbun npm, na Python suna da PyPI, na Java kuwa suna da Maven Central. Rumbun npm kaɗai yana ɗauke da ƙunshi fiye da miliyan biyu. Abin lura kuma shi ne, laburare ɗaya yakan jingina da waɗansu goma, kowane daga cikin goman nan kuma yana da nasa majingina, har ta kai manhajar kamfani guda tana iya tsayuwa a kan ɗaruruwan laburare waɗanda ma'aikatan kamfanin ba su taɓa buɗewa sun karanta ba.

Shi kuwa bugu, ma'anarsa ɗaya da ta littafi. Idan aka gano kurakurai a littafi, ko marubuci ya so ya ƙara babi, akan sake buga shi a rubuta masa bugu na biyu. A wurin masu tsari, fitar da sabon bugun laburare yana da matakai. Da farko sai a dakatar da karɓar sababbin abubuwa na ɗan lokaci, a mai da hankali ga gyaran kurakurai kurum. Sa'an nan a bi umarnin da gwaje-gwaje a kan injuna iri-iri, wani lokaci ma a fitar da bugun gwaji tukuna, a ba masu ƙarfin hali su jarraba. Daga nan a rubuta takardar da ke bayyana abin da aka canja, da abin da aka ƙara, da abin da aka cire. Bayan haka sai a ba shi lamba, a ƙunshe shi, mai kula ya buga masa hatiminsa na sirri, wanda ke shaida cewa daga hannunsa ya fito, kana a ɗora a rumbu. Cikin 'yan mintoci duniya ta fara ɗiba. A ra'ayinmu wannan mataki na ƙarshe shi ne mafi nauyi a duk sana'ar, domin kuskuren da ke kan teburin marubuci nasa ne shi kaɗai, amma da zarar an buga hatimi ya zama na kowa.

Lambar da ake ba bugu tana da nata bayani. Wani Ba'amurke mai suna Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin GitHub, ya rubuta wata ƙa'ida a kan haka, wadda bugunta na biyu ya fito a 2013, dubban masu kula da laburare kuma suna binta. Lambobi uku ne da ɗigo a tsakaninsu, misali 2.4.1. Idan gyaran kuskure kurum aka yi, sai a ɗaga ta ƙarshe, ta zama 2.4.2. Idan an ƙara sabon abu ba tare da an taɓa tsohon ba, sai a ɗaga ta tsakiya, ta zama 2.5.0. Idan kuwa an yi canjin da zai iya karya aikin masu dogaro da laburaren, tilas a ɗaga ta farko, ta zama 3.0.0, don kowa ya shiga taitayinsa. Watau lambar nan alkawari ce tsakanin mai fitarwa da mai karɓa. Ƙa'idar ta kuma hana a sake taɓa abin da ke cikin bugun da ya riga ya fita. Duk wani gyara, kome ƙanƙantarsa, sai a ba shi sabuwar lamba.

Bisa ga wannan alkawari ne mutane ke sakin jiki. A rumbun npm, idan mutum ya ɗauki laburare mai lamba 2.4.1, na'urar takan rubuta masa izinin karɓar duk bugun da zai biyo baya muddin bai kai 3.0.0 ba, sai fa in shi da kansa ya ɗaure lambar. Ashe ke nan mutum ɗaya yana iya danna maɓalli cikin dare a ɗakinsa, kafin gari ya waye aikinsa ya shiga cikin ayyukan dubban kamfanoni ba tare da wani ɗan Adam ya duba shi ba. Idan gyaran mai kyau ne, to madalla, kowa ya samu sauƙi ba da wahalarsa ba. Idan kuwa akasin haka ne, ɓarnar ma da wannan saurin za ta bi duniya.

Akwai masu riƙe wannan amana yadda ya kamata. Daniel Stenberg, mutumin ƙasar Suwidin, ya fara fitar da curl a 1998, laburarensa kuma, wanda ke ɗaukar bayanai daga wannan inji zuwa wancan, yana cikin wayoyi da motoci da akwatunan talabijin a ko'ina cikin duniya. Shi da abokan aikinsa sun saba fitar da sabon bugu kusan kowane mako takwas, tun daga 2006 kuma ba su yi canjin da zai tilasta wa masu tsofaffin manhajoji su sake gina su ba. Sai dai ko a nan akwai abin lura. Ran 20 ga watan Maris, 2023, sun tsallaka daga jerin lamba 7 zuwa 8.0.0 don murnar cika shekara 25, ba don sun karya wani abu ba. Wannan ya nuna cewa ƙa'idar lambobi ba doka ce da wata hukuma ke tilastawa ba. Kowane gida da al'adarsa, saboda haka wanda ya dogara da lamba kurum bai karanta takardar sauye-sauye ba, bai gama aikinsa ba.

Hausawa na cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Masu wannan sana'a sun gane gaskiyar haka ran 22 ga watan Maris, 2016. Wani mai rubuta manhaja, Azer Koçulu, yana da laburare mai suna kik a rumbun npm. Wani kamfanin aika saƙonni na ƙasar Kanada mai irin wannan suna ya nemi ya sakar masa sunan, ya ƙi, masu rumbun kuwa suka yanke hukunci suka ba kamfanin. Cikin fushi sai ya kwashe duk kayansa daga rumbun, ƙunshi fiye da 250. A cikinsu akwai wani ɗan mitsitsi mai suna left-pad, layi 11 kurum, wanda aikinsa bai wuce cike gurbi a gefen hagun rubutu ba. Ashe manyan ayyuka irin su Babel da React sun jingina da shi ta hannun waɗansu laburare. Nan take dubban masu gina manhaja suka ga aikinsu ya cije. Ko da wani ya yi maza ya ɗora sabon bugu da wannan suna, bai wadatar ba, domin waɗansu sun ɗaure cewa lamba 0.0.3 suke so. Sai da masu rumbun suka mai da ainihin wancan bugu da hannunsu, bayan rikicin ya ɗauki kusan awa biyu da rabi. A shekarar suka kafa dokar da ta taƙaita cire bugu bayan ya wuce awa 24 da fita. Rumbun Maven Central kuwa dama can ba ya barin a goge ko a canja abin da aka riga aka ɗora.

Wancan rikici na janye abin da aka fitar ne. Na biyu kuwa ya nuna wahalar isar da gyara ga masu bukatarsa. Log4j laburare ne na harshen Java wanda ke ajiye rajistar abubuwan da ke faruwa a cikin manhaja, 'yan sa-kai ne kuma ke kula da shi a ƙarƙashin gidauniyar Apache. A 2013 aka ƙara masa wata dabara ta ɗauko bayani daga wani inji na dabam. Shekara takwas ba wanda ya ga aibinta, sai ran 24 ga watan Nuwamba, 2021, da wani ma'aikacin tsaro na kamfanin Alibaba na ƙasar Sin ya sanar da masu kula cewa akwai ɓaraka. Mugu zai iya aiko da ɗan gajeren rubutu, da zarar Log4j ya shigar da shi rajista, sai ya je ya ɗauko umarni daga injin mugun ya aiwatar. Labari ya fasu ran 9 ga watan Disamba, aka ba ɓarakar maki 10 cikin 10 a ma'aunin haɗari.

'Yan sa-kan nan sun hana idonsu barci. Suka fitar da bugu 2.15.0, aka gano gyaran bai toshe ramin duka ba. Suka biyo da 2.16.0, sa'an nan 2.17.0, sa'an nan 2.17.1, duka huɗun cikin watan Disamba ɗin. Gyaran da aka yi cikin gaggawa ya bukaci gyara, sauri ya haifi nawa. Amma babbar matsalar tana wajen masu karɓa. Kamfanoni da hukumomi da yawa ba su ma san suna da Log4j ba, domin yana binne can ƙarƙashin laburare uku ko huɗu, ko cikin wata manhaja da suka saya a rufe. Kafin gyara ya iso gare su, sai kowane mai kula da ke tsakani ya fitar da nasa sabon bugu, ɗaya bayan ɗaya. Wani kwamitin bincike na gwamnatin Amurka ya faɗa a rahotonsa na watan Yuli, 2022, cewa za a iya ci gaba da cin karo da wannan ɓaraka har shekara goma ko fiye.

Na uku shi ne mafi tayar da hankali, domin a nan hatimin ne kansa ya faɗa hannun da bai kamata ba. XZ Utils laburare ne na matse bayanai, yana cikin kusan kowace kwamfuta mai aiki da Linux, watau tsarin da yawancin manyan injunan intanet ke tafiya a kansa. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke ɗauke da shi, Lasse Collin na ƙasar Finlan, a lokacin hutunsa, ba albashi. A ƙarshen 2021 wani mai kiran kansa Jia Tan ya fara aiko masa da ƙananan gyare-gyare masu amfani, cikin ladabi da haƙuri. A 2022 sai waɗansu sunaye da ba a san su ba suka taso Collin a gaba da ƙorafi, suna cewa aiki ya tsaya, ya kamata ya ba wani. Ya amsa musu a fili cewa yana fama da rashin lafiya mai daɗewa, kuma wannan aiki na sa-kai ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sannu a hankali Jia Tan ya zama abokin kula, a watan Maris na 2023 kuma ya fitar da bugu da hannunsa karo na farko.

Ya yi kusan shekara guda yana fitar da bugu masu tsabta. Ran 24 ga watan Fabrairu, 2024, ya fitar da 5.6.0, ran 9 ga watan Maris kuma 5.6.1, dukansu da ɓoyayyiyar ƙofa a ciki. Yadda ya yi dabarar shi ne abin da ya shafi maganarmu. Asalin rubutun XZ yana ajiye a fili inda kowa ke iya karantawa, to amma abin da ake rarrabawa shi ne ƙunshin da mai kula ya haɗa a injinsa ya buga wa hatimi. Sai ya ɓoye mugun umarnin cikin waɗansu fayiloli da aka ce na gwaji ne, waɗanda ido ba ya iya karantawa, shi kuwa ɗan rubutun da zai tashe shi ya sa shi cikin ƙunshin rarrabawa kurum. Duk mai binciken da ya duba asalin rubutu ba zai ga kome ba. Manufar ita ce, mai riƙe da wani mabuɗi na musamman ya iya ba injin umarni daga nesa ta hanyar SSH, ƙofar da ma'aikata ke bi su shiga manyan kwamfutoci.

Wanda ya tona asirin ba jami'in tsaro ba ne. Andres Freund injiniya ne Bajamushe a kamfanin Microsoft, mai aiki a kan rumbun bayanai na PostgreSQL. Yana auna saurin aikinsa a kan wani bugun gwaji na Debian, ɗaya daga cikin manyan masu rarraba Linux, sai ya lura shiga ta SSH na cin ƙarfin inji fiye da kima, yana kuma ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Wani da ya ɗaga kafaɗa ya wuce. Shi kuwa ya ce ruwa ba ya tsami banza, ya bi sawu har ya iso ga XZ, ya sanar da duniya ran 29 ga watan Maris, 2024. A lokacin gurɓataccen bugun ya riga ya shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, amma bai kai ga tabbatattun bugunsu da kamfanoni ke aiki da su ba. Masu Ubuntu suka ɗage fitar da bugun gwajinsu da mako guda don su sake gina kayansu. Collin ya karɓe ragamar aikinsa, ya fitar da tsabtataccen bugu 5.6.2 a ƙarshen watan Mayu.

Mai karatu zai ga kamar darussan nan suna karo da juna, kuma lalle haka ne. A lamarin Log4j, wanda ya yi jinkirin karɓar sabon bugu shi ya shiga uku. A lamarin XZ, jinkirin ne ya ceci duniya, domin al'adar Debian da irinsu ta tsare sabon bugu a reshen gwaji na tsawon lokaci ita ta ba Freund damar ganin abin kafin ya bazu. An sake ganin amfanin jinkiri ran 8 ga watan Satumba, 2025, sa'ad da aka yaudari wani mai kula a rumbun npm da saƙon imel na ƙarya, aka sace mabuɗinsa, aka fitar da gurɓatattun bugu na laburare 18, ciki har da chalk da debug, da nufin satar kuɗin kirifto. Cikin 'yan awoyi aka gano aka cire su, saboda haka waɗanda injunansu ke haɗiye sabon bugu nan take su ne suka kwasa. Hanyar da ta dace a ganinmu ita ce a rarrabe. Bugun da ya zo toshe ɓarakar da aka riga aka sanar, a karɓe shi da gaggawa. Bugun yau da kullum kuwa a bar shi ya kwana biyu, a karanta takardarsa, a gwada shi a gefe tukuna. Wannan rarrabewa aikin mutum ne mai hankali da lokaci, kuma kamfanin da bai ɗauki irin wannan mutum aiki ba, ya bar tsaronsa ga sa'a.

A nan ne muka iso ga tushen ciwon. Duniya ta gina kasuwanci na biliyoyin daloli a kan kafaɗun mutane ƙalilan, ta kuma bar su da gajiyarsu. Ba yau aka fara ganin haka ba. A watan Afrilu na 2014 aka gano ɓarakar da aka laƙaba wa suna Heartbleed a cikin OpenSSL, laburaren da ke kulle saƙonni tsakanin mutum da shafin intanet. Kuskuren ya fita cikin bugu 1.0.1 tun watan Maris na 2012, ya shekara biyu a buɗe. Da aka bincika sai aka tarar gudummawar da aikin ke samu ba ta wuce kimanin Dala 2,000 a shekara ba, mutum ɗaya ne kuma ke yinsa a matsayin cikakken aiki. Shekara goma bayan wannan, sai ga Collin shi kaɗai da XZ. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutumin da ake zagi kullum don bai fitar da sabon bugu ba, ba a kuwa taɓa aiko masa da ko sisi ba, ranar da wani ya zo da fara'a ya ce zai taya shi, da wane dalili zai ƙi?

Ba za a ce ba a yi kome ba. Tun 2013 masu Debian suka dage da wani shiri na tabbatar da cewa duk wanda ya ɗauki asalin rubutu ya gina, zai sami ƙunshi daidai da wanda aka rarraba, ba bambancin ko ɗigo. Da irin wannan gwaji ya zama al'ada a ko'ina, da ɓoye abu cikin ƙunshin rarrabawa ya yi wuya ƙwarai. A 2023 rumbun PyPI ya fito da tsarin da ke ba da dama a fitar da bugu kai tsaye daga injin gini na fili, maimakon daga kwamfutar mutum ɗaya, daga farkon 2024 kuma ya tilasta wa duk masu ɗora kaya su riƙa shiga da shaida biyu. Gwamnatin Jamus ta kafa asusu a 2022 don biyan masu kula da irin waɗannan ayyuka. Tarayyar Turai ta yi doka wadda ta fara aiki a watan Disamba na 2024, mai ɗora wa masu sayar da kayan da ke ɗauke da manhaja alhakin tsaronsu, manyan sharuɗɗanta kuma za su hau kansu a ƙarshen 2027. Duk waɗannan matakai ne masu kyau. Amma shaida biyu ba za ta hana irin Jia Tan ba, tun da shi da izini ya shiga. Maganinsa shi ne kada a bar hatimi a hannu ɗaya, a kuma sami mutum na biyu, wanda ake biya, ya duba kowane bugu kafin ya fita.

To, ina ruwan Nijeriya? Ruwanta kuwa har wuya. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 mutane da yawa suka koma ciniki ta waya, kuma manhajojin da ke ɗauke da wannan ciniki da irin waɗannan tubala ake gina su, kamar na kowace ƙasa. Ba a kan karɓa kurum muka tsaya ba. Segun Adebayo, ɗan ƙasar nan, shi ya ƙirƙiro Chakra UI, laburaren da masu gina shafukan intanet a ƙasashe da dama ke aiki da shi, da ya zo da manyan canje-canje a 2024 kuma ya ɗaga lambar farko zuwa 3, tare da bayanin yadda za a ƙaura daga tsohon. Watau 'ya'yanmu ma sun fara riƙe hatimi, nauyin da muka bayyana kuma yana kansu.

Saboda haka muna da kira ga ɓangare uku. Babban Bankin Nijeriya da hukumar NITDA mai kula da fasahar sadarwa, ya kamata su wajabta wa bankuna da duk mai sayar wa gwamnati manhaja ya ajiye cikakken jerin laburaren da ke cikin kayansa, da lambar bugun kowane, yadda ranar da aka sanar da wata ɓaraka za a san inda take cikin awa guda maimakon wata guda. Kamfanonin da ke cin riba da aikin 'yan sa-kai, su ware wani abu a kasafinsu na shekara don tallafa wa laburaren da suka fi dogaro da su, ko su ba ma'aikatansu lokaci su taya dubawa. Jami'o'i da kwalejojin kimiyya kuma, bayan koya wa ɗalibi rubuta umarni, su koya masa yadda ake ba bugu lamba, da rubuta takardar sauye-sauye, da tsare mabuɗi, da kuma yadda ake cewa a'a ga baƙon da ya cika zaƙewa.

Ga matasanmu masu sha'awar wannan fage kuwa, shawararmu gajeriya ce. Kada ka ɗaga lamba sai ka san abin da kake alkawartawa da ita. Kada ka fitar da abin da ba ka gwada ba don wani ya matsa maka. In kuma ka gaji, faɗi a fili ka nemi mataimaki wanda aka san fuskarsa da tarihinsa, domin wanda ka miƙa wa hatiminka, ka miƙa masa amanar duk waɗanda suka yarda da kai.

Nan za mu dakata. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.